Hidima a Zumuntar Mata da goyo a baya: ƙarfi take ƙarawa ko gajiya?

Maman Tagwaye, Zuru:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Shawara nake nema. Uwar Zumuntarmu, shugabar ƙungiyar matan cocinmu, ta kira ni bayan sujada ta ce tana so in shiga cikin masu ziyara, wato masu zuwa gaida masu jego, marasa lafiya da gwauraye. Ni kuwa tagwaye ne a hannuna, ba su fara tafiya ba, ga yayansu da ya shiga firamare. Maigida yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Tun da na haihu addu'ata ta gajarce. In na buɗe Littafi Mai Tsarki da dare, barci ne ke ɗauke ni kafin in kai ƙarshen aya. Ran Lahadi rabin wa'azi daga waje nake jinsa, ina lallashin mai kuka. Da na faɗa wa Mama, wato Uwar Zumuntar, haka, sai ta ce ai hidimar ce za ta farfaɗo da ni. Ina girmama ta ƙwarai, amma na kasa gane yadda mai tulu babu ruwa za ta shayar da wata. Ku da kuka riga ni a wannan hanya, gaskiya ne hidima tana ƙarfafa uwa, ko in ba ta haƙuri sai yara sun yi wayo?

Kaka, Ribah:
Ɗiyata, sannu da ɗawainiya. Tagwaye ba wasa ba ne, Ubangiji ya raya mana su. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. A zumunta na koyi karatu, ba a makaranta ba. Matar fastonmu na wancan lokaci takan tara mu a inuwa da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa tun 1932, tana nuna mana baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kowace da goyo a baya, wata ma da ciki. Ba wanda ya ce mu jira sai mun gama haihuwa, don da mun jira da har yau ba mu iya ba. Ziyara kuwa da ƙafa muke yi, daga ƙauye zuwa ƙauye, da ƙwaryar gari a ka. Abin da na gani shi ne, in ka zauna a ɗaki kai kaɗai da yaro, damuwarka takan cika ɗakin. In ka shiga ɗakin wata ka tarar ita ma jaririnta bai bar ta ta runtsa ba, kuka yi magana, kuka yi addu'a tare, kukan rabu kowace ta ji sauƙi. Ki tuna Maryamu. Da ta ji saƙon mala'ika, tashi ta yi da gaggawa zuwa wurin Alisabatu, mai ciki wata shida, ta zauna da ita wajen wata uku. Mai ciki ce ta je wurin mai ciki. Ni dai na ce ki je.

Malama, Birnin Kebbi:
Kaka, ina gaisuwa, kuma ki gafarce ni, ban yarda da wannan shawara gaba ɗaya ba. A zamaninku gida cike yake da mutane. Akwai surukai, akwai matan 'yan'uwan miji, akwai 'yan mata da za su riƙe yaro. Wannan baiwar Allah ita kaɗai ce a gidan haya da jarirai biyu. Wa zai riƙe ɗaya in ta goya ɗaya? Kuma mu duba Titus sura 2 daga aya 3 zuwa 5. Bulus ya ce tsofaffin mata su koya wa ƙananan mata ƙaunar mazansu da 'ya'yansu. Nauyin a wuyan manya yake. Mu kuwa mun juya abin: wadda ya kamata a je a tarar a gida a ɗebe mata ruwa, ita ake sawa a jerin masu zuwa ɗebe wa wasu. Renon yaro ma hidima ce ga Allah. Kada a sa mace ta ji kamar bangaskiyarta ta yi sanyi don ba a ganin fuskarta a kowane taro.

'Yar Mahuta:
Malama ta faɗi abin da ke zuciyata. Kuma ba lokaci kaɗai ba ne, har da kuɗi. Zanen zumunta, kuɗin taron gunduma, gudummawar biki, gudummawar rasuwa, kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zuwa Zuru daga wurinmu ma sai an yi lissafi. Na san matan da suka daina zuwa zumunta don kunyar ba su da sabon zane. Su ma iyaye ne, su ma suna bukatar ƙarfafawa.

Maman Tagwaye, Zuru:
Na gode Kaka, na gode Yaya Malama. Maganar kuɗi ma tana cikin abin da ke tsorata ni. Ba na so in shiga gidan mai jego hannu rabbana.

Mama Fasto, Yawuri:
Salama. Na karanta duka, kuma a matsayina na wadda ke cikin shugabancin mata a ikilisiyarmu, maganar 'Yar Mahuta ta taɓa ni. Gaskiya ce, ba ƙage ba. Zane ba ya cikin sharaɗin shiga zumunta a gaban Allah. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa in akwai niyya, ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Wannan ya shafi kuɗi, ya shafi lokaci, ya shafi ƙarfin jiki.

Ƙanwata Maman Tagwaye, ina so ki buɗe Ishaya 40, aya 11. An ce Ubangiji yana kiwon garkensa kamar makiyayi, yana ɗaukar 'yan raguna a ƙirjinsa, masu shayarwa kuwa a hankali yake bi da su. In shi bai kora ki da sauri ba, babu kwamitin da ke da ikon korar ki. Amma kuma ba na so ki ji maganar Uwar Zumuntarku a matsayin an ɗora miki kaya. Mu da muka daɗe muna kallon mata a coci mun san alamar wadda ta fara janyewa. Tana zama a benci na baya, tana fita kafin a sa albarka, in an tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Sau da yawa in muka ce wa irin wannan za mu zo gidanki mu taimaka, sai ta ƙi don kunya. In muka ce zo ki taimake mu, sai ta zo, a nan kuma muke samun hanyar riƙe ta. Wataƙila abin da Mamanku ke yi ke nan. Ta gan ki ne.

Abin da muke yi a wurinmu: ba ma tura mace ita kaɗai, bibbiyu ake tafiya kamar yadda Yesu ya aiki almajiransa, kuma mukan haɗa tsohuwa da yarinya. Tsohuwar ta riƙe jariri, yarinyar ta karanta nassi. Mai goyo ba ma ba ta gidan da ya wuce unguwarta. Abin da za a kai, sabulu ne ko gero ko itace, daga asusun zumunta yake fitowa, ba daga aljihun mai zuwa ba.

Malama, Birnin Kebbi:
Mama, in haka ake yi ko'ina ai da ban yi magana ba. Amma kin san ba haka ake yi ko'ina ba.

Nas, Gusau:
Ku ba ni dama in shigo da wani gefe, don aikina ne. Maman Tagwaye, kafin a yi maganar ziyara, ina so in tambaye ki: kina cin abinci? Kina jin jiri ko bugun zuciya in kin hau tudu? Kina kuka ba dalili, ko kina jin kamar ba ki da amfani? Gajiyar mai tagwaye abu ne da aka sani, amma ƙarancin jini yana kawo kasala mai tsanani, kuma akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda cuta ce kamar kowace cuta, ba raunin bangaskiya ba. In baƙin ciki ya wuce sati biyu bai sake ki ba, ki je asibiti a duba ki, ki kuma ci gaba da addu'a. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Sannan ga duk masu ziyara, ku san cewa ku ne idon farko. Mu a asibiti sai an kawo mana mace muke ganinta, ku kuwa har ƙuryar ɗaki kuke shiga. In kun tarar da mai jego jini yana zuba da yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da ƙafafu, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, kada ku tsaya a addu'a ku tafi gida. Ku yi addu'ar a cikin mota, kan hanyar asibiti. Jijjiga tana iya kama mace har bayan ta haihu. Jariri kuma in ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko idonsa ya yi rawaya, ko cibiya tana wari, shi ma haka. Ku tambayi katin rigakafi: akwai na ranar haihuwa, na sati 6, sati 10, sati 14, da na ƙyanda a wata 9. Ku ƙarfafa ta ta ba da dakashi, kada a zubar, kuma nono zalla har wata 6, ko ruwa ba sai an ba shi ba. In kun ji wata tana yoyon fitsari tana ɓoyewa, ku gaya mata ana yin aikinsa, akwai cibiyarsa a Birnin Kebbi.

Kaka, Ribah:
Ɗiyata Nas, Allah ya yi miki albarka. Amma mu kunun kanwa muke kai wa mai jego, shi ke kawo ruwan nono. Da shi muka yi jegonmu, da wankan ruwan zafi har kwana arba'in.

Nas, Gusau:
Kaka, ki yi haƙuri da ni a kan wannan. Kunu yana da kyau, ku kai, na gero ko na gyaɗa, har da waken suya in akwai. Kanwar ce matsala in ta yi yawa. Gishiri ne a cikinta, yana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura mata da yawa suna zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Ruwa mai ɗumi ya isa. Abin da ke kawo nono shi ne sa yaro a mama akai-akai, da uwa ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, ta samu barci. Wannan na ƙarshen ne ya fi wuya, kuma shi ne zumunta za ta iya bayarwa kyauta: ki riƙe mata jariri ta yi barcin awa biyu.

Kaka, Ribah:
To, na ji. Zan faɗa wa matanmu ran taro. Amma tsofaffi sai an bi su a hankali.

Mai Jiran Ubangiji:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ku yi mini uzuri ban faɗi garinmu ba. Na yi shekaru da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Zumunta wuri ne mai daɗi, amma wani lokaci wuri ne mai zafi ga irina. Kowa Maman wane ce, ni da sunana ake kirana. Ranar iyaye mata a coci nakan rasa inda zan sa fuskata. Akwai lokacin da aka ce masu 'ya'ya su miƙe a yi musu addu'a, muka rage mu kaɗan a zaune.

Amma zan shaida abu guda. Da aka sa ni cikin masu ziyara, na ji tsoro kada zuciyata ta kasa ɗaukar ganin jarirai. Abin da ya faru dabam ne. Akwai yarinyar da ta haihu, uwarta ta rasu, dangin miji suna nesa. Ni na yi mata wankan jariri, ni na kwana da ita lokacin da yaron ya yi zazzaɓi. Yau yaron yana gudu ya faɗa jikina a harabar coci yana kirana Mama. Ban daina roƙon nawa ba, ina roƙo kamar Hannatu, wani dare har da hawaye. Sai dai yanzu ba na jin ni bare ce a cikin iyaye. Maman Tagwaye, abin da nake so ki sani, wataƙila a cocinku akwai irina, hannunta yana marmarin ɗaukar yaro, tana jin nauyin tambaya. Ki ba ta ɗaya daga cikin tagwayenki ran Lahadi ki shiga ki ji wa'azi. Kin taimake ta, ta taimake ki.

Mama Fasto, Yawuri:
'Yar'uwata, na gode da kika buɗe zuciyarki. Maganar a miƙe a zauna ɗin nan zan kai ta gaban shugabanninmu. Ba daidai ba ne a yi wa wasu addu'a ta hanyar da za ta karya wasu.

'Yar Mahuta:
Wannan ta sa ni hawaye. Ubangiji ya ji kukanki.

Uwar Marayu, daga Wasagu:
Ni a Zuru nake zaune yanzu, ba da son raina ba. 'Yan bindiga ne suka tashe mu, maigidana bai fito ba. Duk wanda ya san Danko/Wasagu da Sakaba ya san abin da ƙauyukanmu suka gani a shekarun nan. Na iso da yara da zanen da ke jikina. Matan zumunta ne suka karɓe mu, suka ba mu tabarma, tukunya, masara. Ina gode musu har abada. Amma zan faɗi gaskiya, karɓa kullum tana da nauyi. Mutumin da ya saba cika rumbunsa da dawa, ya koma miƙa hannu, wani abu yana mutuwa a cikinsa. Na kai lokacin da ba na iya waƙa a coci. Bakina yana motsi, zuciyata ba ta ciki.

Ranar da na fara dawowa cikin hankalina ita ce ranar da aka kawo wasu sababbin 'yan gudun hijira, aka ce mini, ke kin san abin da suke ji, zo ki zauna da su. Ba ni da ko ƙwayar hatsi da zan ba su. Na zauna kusa da wata da ta rasa mijinta a satin, ba ta magana da kowa. Na yi mata magana da C'lela, harshenmu, na ce nawa ma haka ya tafi. Sai ta kama hannuna ta fashe da kuka, muka yi tare. Daga baya aka karanta mana 2 Korantiyawa sura 1, inda aka ce Allah yana ta'azantar da mu cikin wahalarmu domin mu iya ta'azantar da masu wahala da ta'aziyyar da muka samu. Na ce ashe abin da ya same ni ma Ubangiji zai iya aiki da shi.

Yanzu mu gwauraye muna da adashinmu. Wasu suna suyar ƙosai, wasu ƙuli-ƙuli, ni ina sayar da itace. In ɗaya ta tafi kasuwa, ɗaya ta tsare yara. Lokacin da aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, mata da yawa a yankin nan, Kirista da Musulmi, sun ji tsoron sake tura 'ya'yansu makaranta. Ni ma na ji. Zama da sauran iyaye ne ya ba ni ƙarfin halin barin tawa ta ci gaba da karatu.

Don haka Malama, na fahimce ki, kada a ɗora wa mai rauni kaya. Amma kada kuma a ce mata ba ki da abin bayarwa, zauna mu yi miki. Wannan ma yana karya mutum.

Malama, Birnin Kebbi:
Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri, ya raya marayun nan. Ba ni da abin cewa a kan shaidarki. Inda na tsaya shi ne a bar mace ta zaɓa, kuma in ta ce ba yanzu ba, kada a yi mata kallon mai ja da baya. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa su zo waje ɗaya su huta kaɗan, lokacin da jama'a suka hana su ko cin abinci. Kuma ina so mu yi maganar maza. Me ya sa in an ce reno sai a dubi zumuntar mata kawai? Maigidan Maman Tagwaye in ya zo ƙarshen wata, ya ɗauki yaran nan ran Lahadi ta zauna ta ji Maganar Allah daga farko har ƙarshe. Zumuntar maza ma ta koyar da wannan.

Nas, Gusau:
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Kuma maza su riƙa raka matansu awo, su san rukunin jininsu tun kafin ranar haihuwa ta zo.

Maman Tagwaye, Zuru:
Iyayena, na gode, ban zaci zan samu amsa haka ba. Anti Nas, jirin da kika ambata ina jinsa, musamman da safe. Zan je a auna jinina cikin satin nan. Na kira Uwar Zumuntarmu na gaya mata ba zan iya zagayen duka ba, amma akwai wata amarya a layinmu da ta haihu haihuwar fari, danginta suna can Dirin Daji, hanya kuma ba ta ba su damar zuwa. Ita zan iya leƙawa, tunda ƙofa uku ce tsakaninmu. Mama ta ce za ta haɗa ni da wata dattijuwa mu riƙa zuwa tare. Uwar Marayu, tunda kina Zuru, ina so in san ki. Zan turo miki saƙo ta gefe.

Uwar Marayu, daga Wasagu:
Ki turo ɗiyata. Babbar 'yata ta iya goyo, ran Asabar ba ta makaranta.

'Yar Mahuta:
To maganar zane fa? Kada ta bi iska. Taron gunduma yana tafe, kuma an riga an fara cewa za a fitar da sabo.

Mama Fasto, Yawuri:
Ba za ta bi iska ba. Ki rubuto mini yadda abin yake a wurinku, ba tare da sunan kowa ba, mata nawa ne suka daina zuwa a saninki da dalilinsu. Sauran ma da ke Zuru, Fakai, Sakaba da Gusau ku yi haka. Zan nemi a bar kowa ta zo da tsohon zanenta, wadda ba ta da shi ta zo da abin da take da shi, kuɗin sabon kuma masu hali su zuba a asusun masu jego da gwauraye. Akwai manyan da ba za su so ba, na sani, shi ya sa nake so in shiga da bayananku a hannu kafin zaman shugabanni.